Su Wane Ne Mutanen Dutsen da Ke Kwance a Tsofaffin Cocin Ingila?

Wani ɗan'uwanmu da ke karatu a Leicester ya aiko da tambaya. Ya ce ruwan sama ne ya kora shi cikin wani tsohon coci a ƙauye, sai ya yi kiciɓis da mutum-mutumin wani barde kwance a kan akwatin dutse, sanye da sulke, matarsa a gefensa, ga kare a ƙafarta, ga ƙananan garkuwoyi jere a jikin akwatin, kowace da nata zane. Tambayarsa uku ce: gumaka ne da ake bauta wa? Gawar tana cikin akwatin? Su kuma garkuwoyin, ado ne ko suna da ma'ana?

Malam, biyun farko ba su da wuya. Ba gumakan bauta ba ne, babu mai yi musu sujada ko roƙonsu wani abu. Hasali ma, a zamanin da aka sassaƙa mafi tsufansu, su ne ke roƙon mai wucewa. Gawar kuma galibi ba ta cikin akwatin da ka gani. Tana ƙarƙashin daɓe, ko a wani ɗakin ƙasa da dangi suka gina don binne nasu. Wani lokacin ma ba ta kusa, domin an sha jan waɗannan duwatsu daga wannan kusurwa zuwa waccan a duk lokacin da aka yi wa gini kwaskwarima. Ta ukun ce ke da nisa, kuma a kanta zan daɗe, don a ganina wanda bai iya karanta garkuwar ba bai ga kabarin ba tukuna.

Sai dai kafin garkuwa, ya kamata ka san abin da ya shigo da kabari cikin ɗakin ibada tun farko. Kafin ƙarni na 16 Ingila ƙasar Katolika ce, kuma a aƙidarsu akwai wani zango tsakanin mutuwa da Aljanna inda ake tsarkake rai daga sauran zunubansa, addu'ar masu rai kuma tana rage masa tsawon zama a can. To mai hali ba ya son a manta da shi. Sai ya nemi a binne shi can gaba kusa da bagadi, inda limamin coci ke tsayawa, ya bar gona ko kuɗin haya da za a riƙa biyan wani limami yana yi masa addu'a kullum. Rubutun da ke jikin irin waɗannan kaburbura da Latin yakan fara ne da kalmomin Orate pro anima, wato ku yi addu'a ga ran wane. Mutum-mutumin tuni ne ga mai addu'a.

Inda za ka ga wannan ƙarara shi ne ƙauyen Ewelme a lardin Oxford. Alice de la Pole, matar Duke na Suffolk, wadda ta rasu a 1475, tana da siffa biyu a kabari ɗaya. A sama tana kwance da kambi da tufafin sarauta. A ƙasa kuma, ta cikin wasu ƙananan tagogi da sai ka durƙusa za ka leƙa, ga ta nan a cikin likkafani, busasshiyar gawa, haƙarƙari a waje. Ita da mijinta sun gina gidan gajiyayyu a jikin cocin tun 1437, na tsofaffi 13, aikinsu shi ne yi wa masu gidan addu'a. Har yau akwai mutane a cikinsa.

Fuskar da ka tsaya kana kallo kuwa, kada ka ɗauka ta mamacin ce. Akwai wata takardar yarjejeniya da ta tsira daga 1419, wadda ta fayyace yadda ake cinikin. Matar wani mai ƙasa, Ralph Greene na Lowick a lardin Northampton, ta yi jinga da masassaƙa biyu na Chellaston kusa da Derby, Thomas Prentys da Robert Sutton, a kan fam 40. An rubuta musu komai: namiji cikin cikakkun kayan yaƙi da kwalkwali a ƙarƙashin kansa, mace da ƙananan karnuka biyu a ƙafarta, su riƙe hannun juna, mala'iku su riƙe garkuwoyi a jikin akwatin, a yi fenti a shafa ruwan zinariya. Ba a ce uffan ba a kan fuska ta yi kama da tasa. Mutumin ya shekara biyu a ƙasa, masassaƙan kuma suna wani lardi. Abin da ake saye shi ne siffar matsayi, barde ya fito a barde, matar gidan sarauta ta fito a hakan. Kabarin yana nan a Lowick, hannu cikin hannu kamar yadda aka yi jinga, fentin ne kawai ya tafi. Ka riƙe wannan batu na fenti: farin da kake gani yau tsiraici ne, a da launuka ne rangaɗau, ja da shuɗi da ruwan gwal.

Dutsen kansa yana ba da labarin zamani. Mai duhu da sheƙi na ƙarni na 13 daga Purbeck yake a Dorset. Daga tsakiyar ƙarni na 14 sai alabasta ta karɓi kasuwa, wani farin dutse mai laushi da ake haƙa a Derby da Stafford, wanda wuƙa ma tana iya yanka, shi ya sa za ka ga 'yan makaranta na shekaru ɗari uku sun bi shi da sassaƙa sunayensu. Wanda bai kai ga wannan ba, ko ba ya son tare hanya, sai a zana siffarsa a farantin tagulla a kafe a daɓe. Attajiran ulu na yankin Cotswolds sun fi son wannan. A Northleach za ka gan su ƙafa ɗaya a kan tunkiya, ɗaya a kan ƙunshin ulu, ba sa ɓoye inda arzikinsu ya fito. Tufafi ma kalanda ne: sulken zobe zalla ƙarni na 13, gauraye da farantan ƙarfe ƙarni na 14, ƙarfe tun daga kai har ƙafa farkon ƙarni na 15.

Za a gaya maka cewa barden da ya harɗe ƙafafu ya je yaƙin 'yan Salibiyya a Ƙudus. Kada ka saya. Yayi ne na masassaƙan Ingila daga wajen 1250 zuwa 1350, akwai waɗanda suka harɗe ba su taɓa ƙetare teku ba. Zaki a ƙafar namiji da kare a ƙafar mace akan fassara su da jarunta da riƙon amana, kuma ba laifi, amma wani karen kare ne kawai. A Deerhurst a lardin Gloucester, farantin tagullar Alice Cassy na wajen 1400 yana da kare da aka rubuta sunansa a gefe: Terri.

Tunda fuska ba tasa ba ce, rubutu kuma da Latin ne a zamanin da yawancin jama'a ba su iya karatu ba, me zai gaya wa mai wucewa wanda ke kwance? Garkuwa. Ita ce sunan.

Abin ya faro ne a ƙarni na 12 a arewacin Faransa da Ingila, lokacin da manyan mayaƙa suka fara sa zane na dindindin a garkuwa da tuta da hatimi, ɗa kuma ya gaji na ubansa. Kwatancin da ya fi kusa a wurinmu shi ne tsagar gado: ka ga fuska ka san gida. Bambancin shi ne tambarin Ingila na mutum ɗaya ne a lokaci ɗaya, ba na duk mai suna iri ɗaya ba. Shagunan da ke sayar wa baƙi wai tambarin gidan Smith ko gidan Brown cinikinsu kawai suke yi.

Kana ɗauke da mabuɗin wannan ilimi a aljihunka ba ka sani ba. Duba bangon fasfonka. Tambarin Najeriya, wanda aka samar a 1960, an gina shi ne bisa waɗannan ƙa'idoji sak. Baƙar garkuwa a tsakiya da farin zane mai rassa biyu, mahaɗar Neja da Binuwai. Jar mikiya a sama, tana tsaye a kan naɗaɗɗen ƙyalle kore da fari. Fararen dawaki biyu sun tallafe garkuwar, taken ƙasa a ƙasa. Haka za ka gani a bangon coci: garkuwa, kwalkwali a kanta, wata dabba ko alama a kan kwalkwalin, kirari a ƙasa. Dabbobi masu tallafewa kuwa ba kowa ake ba ba, sai manyan masu sarauta da wasu 'yan ƙalilan, don haka idan ka gan su ka san ba ƙaramin mutum ba ne.

Launukan kaɗan ne. Akwai ƙarfe biyu, zinariya da azurfa, waɗanda ake nunawa da rawaya da fari. Akwai launi biyar, ja, shuɗi, baƙi, kore da shunayya. Ƙa'idar ita ce ba a ɗora launi a kan launi ko ƙarfe a kan ƙarfe, don a iya gane zane daga nesa. Fari a kan baƙi na garkuwar Najeriya bai saɓa ba. Idan dutse ne ba fenti, daga ƙarni na 17 akan yi amfani da zane-zanen layi a madadin launi: layuka a tsaye ja ne, a kwance shuɗi, ɗige-ɗige zinariya, fili ba komai azurfa. Sunayen duk da tsohon Faransanci ne na Normandi, harshen fadar Ingila a wancan lokaci, shi ya sa ko Bature ɗan ƙasa yakan tsaya yana sosa ƙeya.

Ga inda kowa ke tuntuɓe, ni ma na yi a farkon shigata, har na aurar da wata baiwar Allah ga mahaifinta a cikin littafin rubutuna. Dama da hagu na garkuwa ana lissafa su ne daga wajen mai riƙe da ita, ba mai kallo ba. Idan ka ga an tsaga garkuwa biyu daga sama zuwa ƙasa, aure ne. Ɓangaren da ke hagunka kai mai kallo na miji ne, wanda ke damanka na mahaifin matar. Idan kuma ba a tsaga ba, sai aka ɗora 'yar ƙaramar garkuwa a tsakiyar ta mijin, to matar ba ta da ɗan'uwa namiji da zai gaji gidansu, ita ce magajiya. 'Ya'yan da ta haifa su ne ke da ikon raba garkuwarsu gida huɗu, su sa na uba a biyu, na uwa a biyu. Kowace magajiya da aka auro tana zuwa da nata gidajen har da na kakanninta, ana ta ƙari. A gidan Stowe akwai garkuwar iyalin Grenville mai gida 719, abin har ya zama abin dariya.

To me ya sa ake wannan wahala? Domin magajiya da ƙasa take zuwa. A dokar Ingila ta wancan lokaci babban ɗa ne ke kwashe ƙasar gado, idan babu namiji sai 'ya'ya mata su raba. Saboda haka garkuwoyin nan da ka gani jere a jikin akwati, idan ka bi su ɗaya bayan ɗaya, kana karanta yadda gonaki da dazuzzuka da kuɗin haya suka taru a hannun gida ɗaya. Takardar mallaka ce da aka sassaƙa a inda duk talakawan da ke noma ƙasar za su gan ta kowace Lahadi. Ƙanne kuma ana bambanta su da 'yar alama a saman garkuwa: jinjirin wata na ɗa na biyu, tauraro na uku, tsuntsu marar ƙafa na huɗu, zobe na biyar. An fi rubuta wannan ƙa'ida a littafi fiye da bin ta a aikace, amma idan ka ga ɗan jinjirin wata a kusurwa, kada ka yi zaton mutumin ya musulunta. Mace marar aure ko gwauruwa kuma ba a ba ta siffar garkuwar yaƙi, nata tambarin yana cikin fili mai kusurwa huɗu da aka tsayar a kan tsininsa.

Akwai raha a ciki. Tambura da yawa wasa ne da suna. Sir Roger de Trumpington, a cocin Trumpington kusa da Cambridge, kakaki biyu ne a garkuwarsa, don farkon sunan garin ya yi kama da sunan kakaki a harshensu. Na Septvans a Chartham da ke Kent faifan sheƙar hatsi ne, domin sunan da Faransanci yana nufin faifai bakwai. Na Shakespeare a Stratford mashi ne.

Kada ka ɗauka wasa ne a wurinsu. A 1385, lokacin da Sarki Richard na Biyu ya kai yaƙi Scotland, Sir Richard Scrope na York da Sir Robert Grosvenor na Cheshire suka tarar garkuwarsu iri ɗaya ce, shuɗiya da faffaɗan layin zinariya guda a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa. Aka shiga kotun bardaye, aka shekara biyar ana shari'a, shaidu ɗaruruwa. Cikin hujjojin da aka kawo har da kaburbura da tagogin coci: shugabannin gidajen ibada suka zo suka ce ga kabarin kakan Scrope a wurinmu, ga tambarin a jiki tun kaka da kakanni. Scrope ya yi nasara, sarki ya tabbatar a 1390, Grosvenor ya koma damin alkama na zinariya. Zuriyarsa su ne masu sarautar Duke na Westminster a yau, kuma damin yana nan a tambarinsu. Ka ga dutsen coci shaida ne da kotu ke karɓa.

Sai guguwa ta zo. Henry na Takwas ya raba gari da Fafaroma, ya rushe gidajen sufaye tsakanin 1536 da 1540. A 1547, zamanin ɗansa Edward na Shida, aka soke wakafin addu'ar matattu baki ɗaya, gwamnati ta kwashe dukiyar. Aƙidar zangon tsarkakewa ta zama haramtacciya. Aka farfasa siffofin waliyyai, aka ɓamɓare farantan tagulla aka sayar a kan nauyi, wasu aka juya bayansu aka zana sabon mamaci. Ɓarnar ta yi yawa har Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta fitar da shela a 1560 tana hana taɓa kaburburan da aka kafa don tunawa da mutane. Dalilinta a fili yake: idan aka goge tamburan manya, an goge shaidar nasaba da gado. A yaƙin basasa aka sake wani zagaye. Wani mai suna William Dowsing ya bi cocin Suffolk da Cambridge a 1643 da 1644 da izinin majalisa yana fasa abin da ya kira camfi, yana rubuta abin da ya fasa a kundinsa kullum, a wurare da yawa har da karɓar ladan aiki, sule shida da kwabo takwas. Idan ka ga farantin tagulla da aka yanke farkon rubutunsa da ƙarshensa aka bar suna da shekara a tsakiya, roƙon addu'ar ne aka cire.

Garkuwa kuwa ta tsira, don ba ta ce komai a kan addini ba. Ba ma tsira kaɗai ba, gurbin da waliyyai da mala'iku suka bari ita ta cike shi. Daga nan kabari ya daina cewa ku yi mini addu'a, ya koma cewa ku san ko ni wane ne. Matattu suka fara tashi: da suna kwance hannu a haɗe, sai suka durƙusa gaban teburin karatu, sai suka kishingiɗa a kan gwiwar hannu. A Swinbrook maza shida na gidan Fettiplace suna kishingiɗe a kan kantoci, a kabari biyu, uku-uku ɗaya bisa ɗaya, kamar fasinjojin jirgin ƙasa mai gadaje. Masassaƙan wannan zamani da yawa 'yan gudun hijira ne daga Holan da Flanders da suka zauna a Southwark, Landan. A ƙasan iyaye akan jera 'ya'ya a durƙushe, maza gefe ɗaya mata gefe ɗaya. Wanda ke riƙe da ƙoƙon kai ya riga iyayensa rasuwa, wanda aka naɗe kamar ƙunshi kuma tun yana jariri ya koma. Ni dai wannan layi na yara ya fi taɓa ni fiye da dukkan ruwan gwal ɗin da ke sama.

Wannan zamani kuma shi ne na sababbin masu kuɗi, lauyoyi da 'yan kasuwa da waɗanda suka sayi filayen sufaye da araha, kowa yana neman asali. Masu ba da tambari su ne sanƙirorin sarki, waɗanda Richard na Uku ya ba su takardar zama hukuma a 1484, kuma ofishinsu yana nan a Landan yana aiki. Daga 1530 zuwa 1688 sukan fita rangadi lardi-lardi, su kira duk mai da'awar tambari ya kawo hujja. Wanda ya kasa a yi shelarsa a kasuwa cewa ba ɗan asali ba ne, kuma suna da ikon goge tambarin ƙarya ko a jikin kabari yake. Sai dai sanƙira ma mutum ne, kuma da kuɗin tambari yake ci. Mahaifin Shakespeare, mai ɗinkin safar hannu, ya samu nasa a 1596, bayan 'yan shekaru wani sanƙira ya kai ƙarar abokin aikinsa cewa yana rabar da tambura ga waɗanda ba su kai ba, ya sa sunan a cikin jerin.

Misalin da na fi so yana Great Brington a lardin Northampton, inda kakannin Gimbiya Diana, gidan Spencer, suke kwance. Da kiwon tumaki suka yi arziki. Sir John Spencer, wanda ya sayi ƙasar Althorp, mazaunin gidan, a 1508 ya rasu a 1522, an ba shi tambarinsa sabo fil a 1504, mai kawunan tsuntsayen teku shida, ba abin kunya a ciki. Amma a 1595 wani babban sanƙira mai suna Richard Lee ya haɗa wa gidan salsala da ta danganta su da Despenser, manyan hakiman ƙarni na 13 da 14, suka ɗauki tambari mai kama da na waɗancan. Ana cewa ramin ƙarya ƙurarre ne, wannan dai ya yi shekara ɗari uku kafin masanin nasaba Horace Round ya tone shi a 1901. Tambarin kuwa har gobe shi suke amfani da shi. Ko a Ewelme ɗin da na ambata, mahaifin Alice, Thomas Chaucer, jikan mai sayar da giya ne ta wajen uba, amma 'yar'uwar mahaifiyarsa ta auri ɗan sarki. Je ka duba kabarinsa ka ga dangin wane ɓangare ne suka cika shi.

Saboda haka idan na ce garkuwa ita ce suna, ban ce ba ta ƙarya ba. Tana gaya maka abin da wanda ya biya kuɗin yake so a yarda da shi. Auren da ta nuna galibi gaskiya ne, don maƙwabta sun sani. Kakan kakan da ta nuna, sai an bincika.

Akwai abu biyu da za ka gani a bango ka zaci na kabari ne. Na farko manyan allunan katako ko zane masu baƙin firam, a tsaye a kan tsini, da tambari a tsakiya. Na jana'iza ne, daga ƙarni na 17 zuwa na 19. Akan rataye shi a ƙofar gidan mamaci na wasu watanni har zuwa shekara, sannan a kai coci. Dubi bayan garkuwar: idan hagunka baƙi ne damanka fari, miji ya rasu mata tana raye. Idan akasin haka, ita ta riga shi. Idan duka baƙi ne, ba wanda ya rage. Na biyu tambarin sarki, da zaki da farin doki mai ƙaho ɗaya, wanda ake kafawa don tuna wa jama'a cewa sarki ne shugaban cocin Ingila. Shi ma yana faɗin shekarunsa: dokin mai ƙaho ya shigo ne a 1603 tare da Sarki James na Scotland, furannin tambarin Faransa da ke jikin garkuwar kuma an cire su a 1801.

Daga ƙarni na 18 farin mabul na Italiya ya karɓe wuri, garkuwa ta ƙanƙance ta koma can sama ko can ƙasa, rubutun yabo ya yi tsawo. Masu ƙasa suka fara fitowa da mayafin Rumawa da hular gashi, mace tana kuka a jikin tulu. Akwai masu kyau ƙwarai, kamar na Penelope Boothby a Ashbourne, yarinya 'yar shekara biyar da ta rasu a 1791, tana kwance a kan katifa kamar barci ya kwashe ta. Amma a nan ne ya kamata ɗan Afirka ya karanta rubutu da idon basira. Idan ka ga an ce wane na Jamaika ko na Barbados, mai tausayi, mai kyauta, ka tambayi kanka wa ya noma raken. A cocin St Peter da ke Dorchester akwai allon wani John Gordon da ya rasu a 1774, wanda ke yabonsa a kan rawar da ya taka wajen murƙushe tawayen bayi na 1760 a Jamaika, tawayen da akasarin jagororinsa mutanen Akan ne da aka kwaso daga gaɓar Ghana ta yau. Ba a taɓa komai a cocin Ingila sai da izinin kotun coci. A 2022 kotun ta yarda a cire shi, aka mayar da shi gidan tarihi da ke maƙwabtaka.

Tunda kana Leicester, ba ka da nisa da ɗaya daga cikin wuraren da suka fi dacewa da koyo. Je ka Bottesford, a arewa maso gabashin lardin, kusa da fadar Belvoir. Masu sarautar Earl na Rutland takwas suna can a jere, har sun cushe wurin bagadi, kuma za ka bi sauyin yayi daga 1543 zuwa ƙarshen ƙarni na 17 a cikin taku kaɗan. Ka tafi da tocila, ka haska dutse daga gefe ba daga gaba ba, zanen da ya shafe zai fito. Kada ka goga takarda a farantin tagulla sai ka nemi izini. Ka fara da garkuwar da ta fi sauƙi a kabari mafi tsufa, ka riƙe zanenta a ka, sannan ka neme ta a na gaba ka ga abin da aka ƙara mata. Idan ka iso kan na shida, Francis Manners, wanda ya rasu a 1632, ka tsaya ka karanta rubutun har ƙarshe. A ciki an ce 'ya'yansa maza biyu sun mutu suna ƙanana ta hanyar mugun aiki da sihiri. Mata biyu 'yan gida ɗaya, waɗanda suka taɓa aiki a fadar, an rataye su a Lincoln a 1619 a kan wannan zargi. Yaran suna durƙushe a jikin kabarin, kowanne da ƙoƙon kai a hannu.